Wa Yake Ciyar da Biju?

Litinin, 7 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Wani yana ciyar da karena. A nan zan rubuta shi, domin idan na faɗa da baki dariya ake yi mini.

Littafin nan don aikin makaranta na saye shi. Dakta Rukayya, wadda take duba kundin digirina na biyu, ita ta ce in riƙa rubuta duk abin da ya faɗo mini a kan binciken kafin ya gudu. To ga abin da ya faɗo mini: yau kwana huɗu Biju bai taɓa kwanonsa ba, kuma ƙiba yake yi.

Binciken nawa a kan yadda marubutan labaran Faransanci suke ɗora wa dabbobi abin da ke zuciyar mutum ne. Shekara goma sha shida ina koyar da Faransanci a sakandare a nan Kakuri, ban taɓa lura da yawan abin ba sai da na zauna ina tsintarsa. A littattafan nan kare yana jin kunya, doki yana baƙin ciki, kyanwa kuwa raina mutane take yi tun daga shafin farko har na ƙarshe. Duk jimlar da na samu irin wannan ina kwafe ta a kati. Kowane kati na raba shi gida uku, yadda Dakta ta tsara. Gida na farko, abin da dabbar ta yi. Na biyu, abin da marubucin ya ce tana ji. Na uku, wane mutum ne yake kusa da ita a lokacin. Katuttukan sun haura ɗari uku, sun cinye teburin cin abinci kaf. Ranar 31 ga wata zan miƙa. Sau biyu ina ajiye karatun nan, wannan karon jami'a ta ce babu ƙarin lokaci.

Da mijina Timothy ya dawo daga kamfaninsu na robobi a Kudenda na gaya masa.

"Baban Vicky, haka ɓarayi suke yi a unguwar nan. Su saba da kare da abinci, ranar da za su shigo ya tarbe su da wutsiya."

"Maman Vicky, me za su sata? Katuttukanki?"

Ya ɗauki kular abincinsa ya yi baranda ta baya, wai kada ya dame ni. Tun da katuttuka suka kori kowa daga teburi a can yake ci. Ya dawo da kwano fes.

Laraba, 9 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Na tare Charity ta saman katanga. Ita ce maƙwabciyarmu, tana soya kifi a bakin titi, kuma idonta ya fi bakinta kaifi, ga shi bakin ma ba na wasa ba ne. Na fara da gaisuwa, na bi ta tsadar gawayi, sannan na tambaye ta ko tana wurgo wa Biju kawunan kifi.

"Ni? Ni da yarana ba mu gama ƙoshi ba zan ciyar da karenki mai sunan Turawa? Abeg, Maman Vicky."

Ta yi dariya da yawa. Wanda ba shi da abin ɓoyewa ba ya dariya haka. Ban cire ta daga cikin waɗanda nake zargi ba.

Na dawo na tsaya a kan Biju na ce, "Wa yake ba ka?" Ya kwantar da kunnuwa, ya kawar da kai, ya kalli bango. Kunya ce, wallahi kunya ce. Ina da kati goma sha tara da aka rubuta wannan kallon a cikinsu, kalmar da suke amfani da ita honteux, wato mai jin kunya. Da ina karantawa ina cewa Turawa da ƙarin gishiri. Yau ga shi a tsakar gidana.

Alhamis, 10 ga Yuli, da safe

Kwanon Biju yana nan yadda na zuba. Ƙudaje ne suka amfana.

Asabar, 12 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Abu biyu na gani yau, ban so ko ɗaya ba.

Na farko, manja a gemun Biju. Na goge da yatsa na shinshina. Miyar agushi ce, da daddawa irin wadda nake saya a wurin matar nan 'yar Kachia. Miyata ce. Hannuna ba ya ɓace mini.

Na biyu ya fi damuna. Biju karena ne. Ni na ɗauko shi yana ɗan kwikwiyo shekarar da 'yarmu Vicky ta tafi jami'a gidan ya yi mini faɗi. Shi da Timothy ba su taɓa shiri ba, tun ranar da ya tauna masa takalmin aiki ya sha tsintsiya. Shekara uku kowa yana bin hanyarsa, kamar 'yan haya biyu da suka yi faɗa a kan famfo. Yau Timothy yana zaune a kujera yana jin rediyo, sai ga Biju ya zo ya ɗora kansa a cinyarsa, ya tura hanci ƙarƙashin haƙarƙarinsa na dama, ya tsaya a haka. Timothy kuma bai kore shi ba. Shafa shi ma ya yi.

Na ce, "Yaushe aka yi sulhu ba a gayyace ni ba?"

Ya ce, "Tsufa ne. Mun gaji da gaba."

Shekararsa arba'in da tara. Wane tsufa?

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe uku na rana

Na je wurin Dakta Rukayya da babi na huɗu da kwalin katuttuka. Ta zare guda goma daga tsakiya, yadda take yi kullum don kada in zaɓar mata masu kyau, ta jera su a tebur, ta sauke gilashi zuwa kan hanci.

"Malama Hadassah, gida na uku fa?"

"Zan cike, Dakta. Wannan ai ba shi da wuya."

"Tun watan Afrilu kike cewa ba shi da wuya. Kin cika gida na biyu har rubutu yana zubowa ta gefe. Doki ya yi baƙin ciki, kare ya yi kishi, jaki ya yi haƙuri. Wannan kowa ya iya. Ni ba na kiwon kare, amma ina da kaji, kuma ban taɓa shiga zuciyar kaza ba. Marubucin ma bai shiga ba. To baƙin cikin nan da ya rubuta, daga ina ya ɗebo shi?"

Na ce daga tunaninsa. Ta ce in koma in duba wanda yake riƙe da linzamin dokin.

A raina na ce wannan mata tana neman ta riƙe ni ne har lokaci ya ƙure. Akwai wata ɗalibarta da take aiki a kan abu mai kama da nawa. Na kuma lura sau biyu tana juya katina mai lamba 88 tana karantawa a hankali. Da na fito na ƙirga katuttukan. Sun cika.

Laraba, 16 ga Yuli, ƙarfe biyar da rabi na yamma

Na gani da idona.

Ya ɗauki kula ya tafi baranda kamar kullum. Na bar fanka tana juyawa a falo don ya ɗauka ina zaune, na lallaɓa kicin na tsaya a bayan labulen taga. Bayansa kawai nake gani. Ya buɗe kula, ya gutsuri loma ɗaya, ya riƙe ta a hannu ya daɗe. Ya kai baki. Sannan ya sauke kwanon ƙasa. Biju ya waiga ya kalli ƙofar falo tukuna, kallon marar gaskiya, kafin ya sa baki. Tuwo malmala biyu da nama huɗu, cikin minti uku.

Ya ɗauraye kwanon a famfo ya shigo.

"Sannu da aiki, Maman Vicky. Miyar nan ta yi."

Na ce, "Na gode."

Ashe ɓarawon a cikin gida yake kwana. Namiji yana aikin injina daga safe zuwa la'asar, ya dawo ya ba kare abincinsa, ai ba sai an kira mai duba ba. Ya ci a wani wuri ne. Wata ce take dafa masa.

Shekara ashirin da biyu ina tsaye a gaban murhu saboda mutumin nan.

Alhamis, 17 ga Yuli, da safe

Ban tambaye shi ba. Wanda ya iya cewa miyar nan ta yi, zai iya cewa komai.

Juma'a, 18 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Charity ce ta kira ni yau ta katanga. Na san da ma tana da abin faɗa, shi ya sa dariyarta ta yi yawa ranar.

"Ba gulma ba ce o. Oga ya canza wurin aiki ne?"

"Me kika gani?"

"Ran Talata da yau, bayan kin tafi makaranta, Mamman mai keke napep ya zo ya ɗauke shi. Ba Kudenda suka nufa ba. Gada suka yi, cikin gari."

Na ce kamfani ne yake aikensa sayen kayan inji. Ƙaryar ta fito mini sumul, har na ji haushin kaina da nake rufa masa asiri.

Timothy da ba ya hawa keke. Kullum da ƙafa yake zuwa bakin titi ya shiga bas, yana cewa keke na masu kuɗi ne da masu ciki. Yanzu shi ne ake zuwa ɗauka har ƙofar gida.

Na kwafi kati shida yau. A ɗaya wata karya ta ƙi gaishe da maigidanta da ya dawo daga tafiya, marubucin ya ce wai ta san inda ya kwana. Na ajiye wannan katin daban.

Asabar, 19 ga Yuli, da rana

Na sami Malam Mamman a inda masu keke suke tsayawa, yana goge gilashi. Dattijo ne ɗan Makera, shekara takwas yana kai ni kasuwa, ya san har shagon da nake sayen shinkafa. Muka gaisa, na tambayi iyali, sannan na ce, "Malam, ina kake kai maigidana ran Talata da Juma'a?"

Bai daina goge gilashin ba.

"Madam, ni direba ne. Inda aka ce in tsaya nan nake tsayawa."

"To ina aka ce ka tsaya?"

"Ki tambayi Oga, don Allah. Amana ce." Sannan ya ƙara da cewa, "Ki yi haƙuri da shi, Madam. Mutumin kirki ne."

Maza ke nan. Ɗaya na zuwa coci ɗaya na zuwa masallaci, amma in dai rufa wa juna asiri ne limaminsu ɗaya.

Lahadi, 20 ga Yuli, bayan coci

Da safe na same shi a ɗaki yana huda bel ɗinsa da ƙusa. Ya ce bel ɗin ne ya saki. Na ce to. Namijin da ya fara rage tumbi a shekara arba'in da tara, akwai wadda ta ce masa tumbin bai yi mata ba.

Bayan sujada muna tsaye da matan zumunta, Mama Tagwai ta ja ni gefe ta ce, "'Yata, maigidanki lafiya? Na ga wuyan rigarsa ya yi masa yawa." Na ce lafiya lau, aiki ne. Na san inda maganar ta dosa. Wato Hadassah ta rungumi boko ta bar miji da yunwa. Da ma tun da na koma karatu suke jiran ranar da za su faɗi haka.

Anti Juliana, yayarsa, ta zo cocinmu yau, ita da take zuwa na Barnawa. Na hange su a gindin mangwaro ita da shi, kai a haɗe. Ina isowa suka yi tsit. Ta rungume ni har da matse ni, ta ce, "Ƙanwata, yaya karatu? Ki dage ki gama." Idonta ja. Ta ce mura ce.

Anti Juliana ba ta taɓa yafe mini haihuwar 'ya ɗaya ba. Ba ta faɗa da baki ba, amma na sani. Idan akwai wata, to da saninta, wataƙila ma ita ta samo ta.

Biju ya bi Timothy har ƙofar banɗaki ya kwanta yana jiransa. Munafuki.

Litinin, 21 ga Yuli, da yamma

Kwano fes. Miyar nan ta yi. Na gode.

Talata, 22 ga Yuli, ƙarfe bakwai na yamma

Yau na yi abin da na shirya.

Keke ya zo da safe, Charity ta tabbatar mini. Da na taso daga makaranta na dafa gwaten acca da yakuwa, abincin da ya fi so a duniya, wanda mahaifiyarsa ta koya mini da hannunta. Na zuba attaruhu ninki uku. Kare ba ya cin yaji, na ga wanda zai cinye masa yau. Na tattara katuttuka na buɗe gefen teburi, na ajiye kwano biyu.

"Yau tare za mu ci, Baban Vicky. Na yi kewarka."

Ya kalli kwanon, ya kalle ni. Ya ce, "Aikinki fa?" Na ce aiki zai jira.

Ya zauna ya yi addu'a, addu'ar ta yi tsawo. Ya ɗauki cokali. Ina ƙirgawa. A cokali na huɗu zufa ta keto masa. A na bakwai ya tsaya ya sha ruwa. Biju yana ƙarƙashin teburi yana wani ƙaramin kuka, na ce a raina, yi kuka, yau ba rabonka. Ya ci goma sha ɗaya. Ya ce, "Kamar na Mama." Ya tashi a hankali ya shiga banɗaki ya buɗe famfo har ƙarshe. Famfon ya daɗe yana zuba.

Abincina har ya kai matsayin da ba ya zama a cikinsa.

Na ɗauka zan ji daɗi. Ban ji ba. Na zubar da sauran, nawa ma ban iya ci ba.

Laraba, 23 ga Yuli, da safe

Bai je aiki ba. Wai an ba su hutu ana gyaran inji. Shi ne mai gyaran injin.

Alhamis, 24 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Zan rubuta wannan a hankali, yadda ya faru.

Dakta Rukayya ta turo saƙo da safe cewa idan gida na uku bai cika ba zuwa Litinin ba za ta sa hannu ba. Jarrabawar yara ta ƙare, don haka na dawo da wuri na zauna da littattafan da katuttukan, ina komawa shafi bayan shafi ina neman wanda yake kusa da dabbar. Da haushi na fara.

Kati na 12, dokin da aka ce yana baƙin ciki. Mai riƙe da linzaminsa manomi ne da zai sayar da gonarsa washegari, bai gaya wa kowa ba. A shafin gaba ɗaya bai ce uffan ba. Kati na 40, kyanwar da ta raina baƙi. Tana kan cinyar wata tsohuwa ce da take yi wa baƙin murmushi. Kati na 88, wanda na zargi Dakta da son sacewa: karen da aka ce tsoro ya kama shi ba dalili, yana bin maigidansa daga ɗaki zuwa ɗaki. Na buɗe littafin. Maigidan yana da wasiƙar likita a aljihun kwat ɗinsa tun babi na biyu. Na karanta littafin nan sau uku. Na san da wasiƙar. Ban taɓa haɗa ta da karen ba, domin ni karen nake kallo.

Na cike sittin da wani abu. Ba duka ne suka bi wannan hanya ba, amma mafi yawansu haka suke. Inda mutum ya rufe baki, nan marubucin yake ɗaukar abin da ke cikinsa ya ɗora wa dabbar da ke gefensa.

Sai na ji ƙarar kula a baranda.

Ban je taga ba. Na fita ta ƙofa na zagaya na tsaya a gabansa. Biju yana cin tuwo, ya ɗago ya kalle ni, ban kula shi ba. Na kalli mijina. Ban san rabon da in kalle shi ta gaba da rana ba.

Agogonsa ya zamo har tsakiyar hannu. Ƙasusuwan wuyansa sun fito. Farin idonsa ba fari ba ne. Hannunsa na dama yana dafe da ƙarƙashin haƙarƙari, daidai inda Biju yake tura hanci.

Na zauna a ƙasa a kan siminti.

"Tun yaushe?"

Bai yi kamar bai gane ba. Ya ce, "Mayu."

"Keken Mamman?"

"Asibiti. Anti Juliana tana jirana a can."

"Kowa ya sani ke nan. Mai keke ya sani. Kare ya sani."

"Saura kwana bakwai, Hadassah." Rabon da ya kira sunana tun Vicky tana goye. "Kin ajiye karatun nan saboda Vicky. Kin ajiye saboda jinyar Mama, uwata ce ba taki ba. Na ce ba za a yi na uku a kaina ba. Na ce ki miƙa tukuna, ranar da kika miƙa in gaya miki."

Na ce, "Gwaten nan."

Ya ce, "Ya yi daɗi. Yaji ne ya ɗan yi yawa."

A nan na fashe. Na kifa kaina a gwiwarsa, shi ne kuma yake ba ni haƙuri. Na gaya masa abin da na zarge shi da shi, duka, har da Anti Juliana da bel. Ya yi dariya har ya dafe ciki, ya ce, "Wace ce za ta kwashi wannan ƙasusuwan?" Ban taya shi dariyar ba.

Juma'a, 25 ga Yuli, ƙarfe huɗu na yamma

Ni na shiga keken tare da shi. Malam Mamman ya gan ni ya ce, "Alhamdu lillahi, Madam. Abin ya yi mini nauyi." Ya bi da mu a hankali, yana kauce wa kowane rami, ya san waɗanda suke sa Timothy ya cije leɓe. Ni ban san su ba.

Anti Juliana tana bakin ƙofar asibitin da fulas na kunu. Na durƙusa zan yi magana ta ɗaga ni ta ce, "Bari, ƙanwata. Ni ma na ce masa ya gaya miki, ya sa ni rantsuwa."

Likita ya faɗi sunan abin. Ba zan rubuta shi a nan ba. Za su kwantar da shi ran Laraba, su yi aiki ran Alhamis. Na tambaya ko da an zo da wuri. Likitan ya ce yanzu ba lokacin wannan tambayar ba ne.

Alhamis ita ce 31.

Asabar, 26 ga Yuli, da safe

Na karanta littafin nan da nake rubutu a ciki daga farko. Wuyan riga yana ciki, bel yana ciki, famfo yana ciki. Da hannuna na rubuta su.

Litinin, 28 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Na ce masa na bar karatun. Ya ce idan na bari shi ma ba zai hau gadon aikin ba, in zaɓa. Mun yi faɗa sosai, irin wanda muka daɗe ba mu yi ba, har Charity ta leƙo ta katanga. Shi ya ci nasara.

Na kwashe katuttukan na mayar baranda. Kwana uku ke nan a can nake aiki, yana kwance a doguwar kujera yana karanto mini lambobi, yana kashe sunayen Faransawa da lafazinsa ɗaya bayan ɗaya. Kunu yake sha, cokali biyar, wani lokaci shida. Ina kallonsa yana sha, ya ce in daina kallonsa kamar mai gadin jarrabawa.

Na kai wa Dakta Rukayya yau. Ta zare goma daga tsakiya, ta duba, ta sa hannu. Na gaya mata dalilin da ba zan zo ran Alhamis ba. Ta cire gilashin gaba ɗaya ta ce ita za ta kai kundin ofis da kanta, Allah ya ba shi lafiya. Na so in roƙi gafararta a kan kati na 88, na rasa ta inda zan fara.

Na kira Vicky. Gobe za ta taso daga Zariya.

Laraba, 30 ga Yuli, ƙarfe shida da rabi na yamma

An kwantar da shi. Vicky da Anti Juliana suna wurinsa, suka ce in dawo in yi wanka in ɗauko masa bargo da rediyonsa. Malam Mamman yana waje yana jirana.

Na zuba wa Biju abinci, tuwo da miyar agushi, a kwanon Timothy, ko zai yarda. Ya shinshina ya bar shi. Ya je bakin get ya kwanta, ya sa hanci a ƙarƙashin ƙofar, ta inda keken ya bi da safe.

Akwai kati ɗaya da ya rage a kwali, ba a rubuta komai a kai ba. Na raba shi gida uku.

A na farko na rubuta: ya ƙi cin abinci, ya kwanta a bakin ƙofa yana kallon hanya.

Na biyu na bar shi fili. Ban san abin da yake ji ba, ban taɓa sani ba.

A na uku na rubuta sunana.